Waya Ta Iso, Allura Na Hanya: Musayar Waƙa Daga Gombe

Ɗan POS, Tashar Dukku

Salamu alaikum. Jiya a teburin mai shayi wani dattijo ya ce waya ce ta lalata ƙasar nan. Ban iya tanka masa a gaban mutane ba. Wanda zai ba ni amsa, da baiti kawai.

Da sunan Allah zan buɗe baki,
Ku matsa min in yaba wa waya.

Kafin 2001 in ka yi nisa,
Saƙonka sai direban motar haya.

Yau a Tashar Dukku nake zaune,
In tura kuɗi Legas babu wuya.

Farkon 2023 da aka canza kuɗi,
Wa ya riƙe ku in ba na'urata ɗaya?

Layi ya miƙe tun da asuba,
Har mai babbar mota ya kira ni Yaya.

Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira,
Ka tambaye ta dare da rana, ba ta gajiya.

Ɗan Gombe ma ya riƙe sadarwa,
Pantami, shekara huɗu, ba tatsuniya.

Wanda ya ce waya ce ta kashe mu,
Ya ajiye tasa, a kashe jayayya.

Baba Ɗan Fansho, Jekadafari

Ɗana, ni ne dattijon. Kuma ban janye ba.

Ɗana ka yi waƙa ta yi daɗi,
Amma ka tsallake wajen kuɗi,
Layin da ka ce ya yi faɗi,
Ba ka faɗi nawa ka yanka mana ba.

Dubu goma in na zo karɓa,
Ka cire naka kafin in taɓa,
Mutum ya sayi kuɗinsa, ai ya saɓa,
Kakanninmu ba su san cinikin nan ba.

An toshe layina kan lambar ɗan ƙasa,
Na bi layi rana tana gasa,
Alli ya cinye yatsuna, na'ura ta kasa,
Ba ta karanta zanen hannuna ba.

Wayar nan da wuta take numfashi,
Oktoban 2024 mun sha fushi,
Arewa a duhu, janareta na nishi,
Kwana da kwanaki ba mu ga haske ba.

Ga Dadin Kowa nan a bayanmu,
Megawat 40 daga ruwanmu,
Ta hau babban layin ƙasa ta bar mu,
Maƙwabcin rijiya bai sha ruwa ba.

Malamar Jinya, 'yar Kaltungo

Baba barka da hutawa. Ƙanena mai POS, matso kusa.

Ku bar gardamar caji da layi,
Ku zo kudancin Gombe ku ga kububuwa.

Gajeriya ce, launin ƙasa gare ta,
Manomi na girbi ba ya ganewa.

Gobe-da-nisa ake mata kirari,
Wanda ta sara ba ya neman fassarawa.

Dafinta ba ya barin jini ya daskare,
Dasashi da tsohon miki su dinga zubarwa.

Gwajin ba ya son kwamfuta, Ƙanena,
Jini a kwalba, minti 20 ana dubawa.

In ya daskare, a ci gaba da lura,
In ya tsaya ruwa, maganin dafi ake ɗaurawa.

EchiTAb ne sunan maganin,
Daga Birtaniya da Kosta Rika ake kawowa.

Macijinmu aka kwasa zuwa Libaful,
Can aka tatsi dafinsa ana gwadawa.

Jinin tumaki da dawaki ke ba da maganin,
Mu masu garke, sai dala muke ƙirgawa.

Asibitin maciji na Kaltungo ya yi suna,
Daga Bauchi, Taraba, Adamawa ana tahowa.

A wani ƙaramin asibiti na karkara,
Inda na fara aiki, ba na mantawa,

An kawo yaro kan babur da tsakar dare,
Yayyensa biyu sun sa shi tsakiya suna riƙewa.

An ɗaure ƙafar da robar taya,
An tsaga da reza, ta yi baƙi tana kumburawa.

Babu wuta. Na ciji wayata da haƙori,
Da fitilarta na bi jijiya ina lalubawa.

Wansa ya nuna min hoton macijin a waya,
Na ce Kaltungo, yanzu, babu tsayawa.

Ya rayu. Amma kwana biyun da suka yi a gida,
Saura ƙiris su zama na makoki da binnewa.

Waya ta haska min, ban musa ba,
Amma ba ita ta shiga jijiya tana warkarwa.

Don Allah masu gona, wannan ba waƙa ba ce: kar a ɗaure, kar a tsaga, kar a tsotsa. A kwantar da ƙafar, a ɗauki mutum zuwa asibiti.

Ɗan POS, Tashar Dukku

Yaya Malama, kin ba ni gaskiya,
Ba don fitilar ba, ina jijiya?
Ba don hoton ba, sai dai hasashe,
Baba ka ji shaida daga ma'aikaciya.

Malamar Jinya, 'yar Kaltungo

Ƙanena, abin kunya na ba ka labari,
Kai kuma ka ɗauka kana tafawa.

Asibitin da ke aiki da fitilar waya,
Wa ya ce maka wannan ci gaba ne kuwa?

Ka ce a 2001 waya ta shigo,
To tana da tagwai, bari in yi tunatarwa.

A shekarar shugabannin Afirka suka zauna Abuja,
Kashi 15 na kasafi ga lafiya suka ce za su bayarwa.

Waya ta girma, ta shiga kowace ruga,
Tagwanta har yau tarayya ba ta cikawa.

Magini, Tumfure

Malama Allah ya saka. Amma marar lafiya in an sallame shi, ina zai koma ya kwanta? Ku ji nawa.

Ni magini ne, ku ba ni hanya,
Shekara 20 ina wannan aiki.

Na ɗora benaye da hannun nan nawa,
Amma haya nake, falo da ɗaki.

Tun 1996 da aka ba mu jiha,
Gombe ke faɗi kamar ba ta da birki.

Rikici ya koro 'yan'uwa daga Borno da Yobe,
Muka ce maraba, haya kuwa ta hau doki.

Tumfure da na sani gonar dawa ce,
Yau fuloti sai mai nauyi a banki.

Nan Ashaka ake yin siminti, a Funakaye,
Dala ta tashi, dizal ya bi, buhu ya zama mamaki.

Rodi da kwano da tifar yashi,
Kowanne ka taya sai ka ja tsaki.

Talaka sai ya gangara bakin kwari,
Can ne fili ke da arha, ba na kirki.

Na ga gida da damina, ruwan dare ɗaya,
Zaizaya ta haɗiye ɗakin girki.

Da safe matar na tsaye a gaɓa,
Tana hango tukunyarta can a ciki.

Kai mai POS, wayarka na zana gida,
Ta taɓa ɗaga bulo ta ji a jiki?

A Facebook aka sayar wa mutum uku fili ɗaya,
Ni aka kira haƙa tushe, na tarar da rikici a baki.

Ɗan POS, Tashar Dukku

Kawu magini, ka faɗa tarkona,
Cutar fili ai ta girmi waya.
Hukumar filaye GOGIS ta sa filayen Gombe a kwamfuta,
Ka duba kafin ka biya, ka huta da shari'a.

Hajiya Mai Gidan Haya, Bolari

Ni ban iya waƙa ba, jikata ke rubuta min. Amma naji ana harararmu.

Magini kar ka ɗora min laifi,
Gadon marayu ne, ba ni da wani aiki.

Iska ta yaye kwano bara da bazara,
Kai ka yi min lissafi, na kasa buɗe baki.

Ina bin ɗan haya wata takwas bai biya ba,
In na yi magana a ce Hajiya ba ta da kirki.

Sojan Baka, Herwagana

Kun yi ta kuka kamar ba gwamnati. Hajiya ina gaisuwa. Baba a yi min afuwa.

Ku ba ni fili in ɗan yi bayani,
Ni ne sojan baka, ɗan siyasa.

Gundumomi 114 ke jihar nan,
Kowace an gyara mata asibiti kusa.

Ga inshorar GoHealth, ka yi rajista tun da lafiyarka,
Ranar ciwo a duba ka, ba wasa.

Nuwamban 2022 aka taru a Kolmani,
Buhari ya ƙaddamar da haƙar mai a ƙasa.

Tsakanin Alkaleri da Akko yake kwance,
Arzikin Bauchi da Gombe, ba na nesa.

A 2024 mafi ƙarancin albashi
Ya koma dubu 70, doka ce ta ƙasa.

Yulin shekarar Kotun Ƙoli ta yanke,
Kuɗin ƙananan hukumomi kai tsaye ya isa.

Ministan lafiya ma ɗan Misau ne,
Pate, namu ne, me kuka rasa?

Baba Ɗan Fansho, Jekadafari

Ɗana, na koyar da irinka sun fi ɗari. Masu haddace darasi ba su san ma'anarsa ba.

Ka jero shekaru kamar ɗan aji shida,
Na ba ka maki, amma tsaya in bi bisa.

Man Kolmani ko kwalba ban gani ba,
Ka zo da shi in zuba a babur mai tsatsa.

Ran 29 ga Mayun 2023 ka manta?
Aka ce tallafi ya tafi, ba a yi ta da wasa.

Litar da ba ta kai 200 ba,
Cikin kwanaki ta haye 500 ta yi bisa.

Dubu 70 ɗin da kake kirari,
Kai ta kasuwar hatsi ka ga inda za ta isa.

Tun dokar 1992 ta asusun gidaje,
Kashi 2.5 ake yanka wa ma'aikacin ƙasa.

Ka zagaya Jekadafari ka ƙirgo min
Nawa suka samu makulli kafin a sa su ƙasa.

Kuka kawo na'urar zaɓe BVAS kuka ce an gama maguɗi,
Na yarda ta rage ƙuri'ar matattu da na nesa.

Amma taliya da atamfa da sabulu,
Wace na'ura ce za ta hana su isa?

Dā a ambulan ake raba kuɗin ƙuri'a,
Yanzu alat ne, ɗan POS na nan kusa.

Ɗan POS, Tashar Dukku

Haba Baba! Ni me na yi kuma?

Wuƙa a hannun mahauci sana'a ce,
A hannun ɓarawo ita ce masifar duniya.
Ni na cire wa mutum abin da aka turo,
Ban tambaye shi wa ya zaɓa ba jiya.

Magini, Tumfure

Sojan baka, in kun tashi rabon bana,
Ku bar taliya, ku kawo buhun siminti ɗaki.
Ko ku tare kwarin bayan gidanmu,
Sai in dangwala muku har da na baki.

Sojan Baka, Herwagana

Kawu na ji, zan isar wa manya,
In dai sun ɗaga waya, don sun yi nisa.

Malamar Jinya, 'yar Kaltungo

Kai ma ba sa ɗaga maka ke nan. Allah sarki.

Sojan baka, fentin na gan shi, ban ƙi ba,
An yi rufi, an sa sola, ina yabawa.

Amma gini ba ya karɓar haihuwa da dare,
Sai ungozoma, ita kuma ɗaya ce tana kwanawa.

Waɗanda muka yi makaranta tare,
Saudiyya da Ingila suke ta tafiya ba dawowa.

Ban zarge su ba, ni ma an turo min fom,
Yana cikin wayata, kullum ina buɗewa ina rufewa.

Girbi ya matso, kububuwa na cikin ciyawa,
Ka tambayo min manya: kwalba nawa ake tanadarwa?

Zan tsaya nan, aikin dare gare ni. Ƙanena mai POS, kana shago? Ina son dubu biyu na Keke Napep, zan biyo yanzu.

Ɗan POS, Tashar Dukku

Ina shago Yaya, amma ki yi haƙuri,
Sabis ya ɗauke tun la'asar sakaliya.
Ki biyo in ba ki daga aljihuna,
In ya dawo kya turo min a waya.