Shawarwari kan haɗa hoton ginin Gotik da ƙirƙirarriyar basira

A tattaunawar da aka yi kan yadda za a sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta haɗa hoton ginin Gotik, wato wani tsohon salon gini na Turai, kusan duk waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda cewa rubuta "Gotik" kaɗai ba ya wadatarwa. Sai manhajar ta kawo maka fada mai duhu da jemagu da hazo, alhali wannan salo haske ya zo nema tun da aka fara shi a majami'ar Saint-Denis kusa da Paris wajen 1140. Don haka a fayyace sassan: baka mai tsini, rufi mai haƙarƙari, tokaren da ke tallafe bango daga waje, da babbar taga zagayayyiya mai gilashi kala-kala.

An fi jan magana kan ambaton takamaiman gini. Hasumiyoyi biyu na gaban majami'ar Notre-Dame ta Paris, wadda aka soma ginawa a 1163, kansu a baje yake. Na majami'ar Kolon a Jamus kuwa tsini gare su, tsayinsu mita 157. In ba a faɗi wanne ba, manhajar takan cakuɗa su, har ta cuso zagayayyen baka na salon da ya gabaci Gotik.

Sai a zuƙo hoton kusa. Nan asiri ke tonuwa: sassaƙen dutsen taga ya narke kamar kakin zuma, ginshiƙi ya tsaya a iska bai taɓa ƙasa ba. Wasu sun ce a sake hoton duka, amma ni na fi gamsuwa da masu cewa a ba manhajar haɗa hoto ta Stable Diffusion zanen layuka ta ControlNet, wato ƙarin da ke sa ta bin zanen da aka ba ta, sannan a gyara wurin da ya lalace kawai.

A kuma sa mutum ɗaya a bakin ƙofa domin girman ginin ya fito.