Tambaya kan can, could, must da 'yan uwansu a Turancin yau da kullum

Ɗan Kasuwar Gwari:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa. Ni ne nake riƙe wa maigidana lissafi a kasuwar Mile 12 da ke Legas, inda muke sayar da tumatir da albasa da tattasai ga masu otal da gidajen abinci na Ikeja da Lekki, kuma yawancin cinikin yanzu ta saƙon WhatsApp ake yin sa da Turanci. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ƙananan kalmomin nan da ake sawa kafin aikatau, irin su can, could, may, must, should da would. Wata mai saye takan rubuto "Can you send ten baskets?", wata kuma ta ce "Could you send ten baskets?", alhali a makaranta an koya mana cewa could na abin da ya riga ya wuce ne. Haka kuma na ga an rubuta "The truck must arrive by six", sannan na ji wani ya ce "The truck must be at Berger by now" (Berger ita ce mashigar Legas ta hanyar Ibadan), kuma a ganina must ɗin farko da na biyu ba abu ɗaya suke nufi ba. Ina roƙon wanda ya san nahawun Turanci ya warware mini.

Malamin Agege:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Waɗannan kalmomi mataimakan aikatau ne, kuma manyansu tara ne: can, could, may, might, shall, should, will, would da must, sai ought to da ake haɗawa da su. Aikinsu shi ne nuna matsayin mai magana game da abin da ake faɗa, wato ko yana ganin zai yiwu, ko dole ne, ko ya kamata, ko an yarda a yi.

Ƙa'idar ginin jimlarsu ba ta da wuya. Ba a ƙara musu s ko da mutum ɗaya ake magana a kansa, saboda haka "she can drive" ake cewa. Aikatau da ke biye da su yana zuwa tsurarsa, babu to, babu ed, ban da ought wadda ba ta rabuwa da to ɗinta. Idan tambaya za a yi, sai a ciyar da kalmar gaba, kamar "Should we wait?", idan kuma korewa ce, a liƙa mata not kai tsaye ba tare da an nemi do ba. Biyu daga cikinsu ba sa haɗuwa a jere a daidaitaccen Turanci, shi ya sa ba a cewa "I will can come", sai dai "I will be able to come".

Kunnenka bai yaudare ka ba game da motar kaya. Kusan kowace daga cikin kalmomin nan tana da fuska biyu. Fuska ta farko ta shafi umarni da izini da wajibci, ta biyu kuma ta shafi yadda mai magana ya auna gaskiyar abu a ransa. Wanda ya ce motar "must arrive by six" sharaɗi ya gindaya maka, dole ta iso kafin ƙarfe shida. Wanda ya ce "must be at Berger by now" bai umarci kowa ba, lissafi ya yi: ya san lokacin da ta baro Ibadan, ya san halin hanyar, sai ya yanke cewa lalle yanzu ta kai Berger. Da bai tabbata sosai ba, zai ce "should be", da shakkarsa ta fi haka sai ya ce "may be" ko "might be". Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kishiyar wannan must ta lissafi ita ce can't, kamar a ce "It can't be at Berger, it left Ibadan ten minutes ago."

Batun could kuwa, malamanka sun faɗi rabin gaskiya. Tana nuna iyawar da, kamar "I could run fast when I was young", amma a wajen roƙo ladabi kawai take ƙarawa. Mu ma muna da irin wannan salo, domin wanda ya je gaban babba yakan ce "da ma na zo ne in nemi alfarma", ya tura maganar baya don ta yi laushi, alhali yanzu yake neman alfarmar. Matar da ta rubuta could yau take son kwandunanta, kamar dai wadda ta rubuta can.

Hajiyar Idi-Araba:

Allah ya saka wa Malam da alheri. Ina son in ja hankalinka, ƙanena, ga wurin da kuskure yake jawo asarar kuɗi. Must da have to sun yi kusa a ma'ana, amma da zarar an kore su sai su raba hanya. "You must not pay the driver" hani ne, kada ka kuskura ka biya direba. "You don't have to pay the driver" na nufin ba dole ba ne, in ka biya babu laifi, in ka bari babu laifi. Mai ciniki da ya ɗauki ɗaya a matsayin ɗaya zai iya biyan kuɗin mota sau biyu.

Sai kuma maganar abin da ya wuce, wadda ake ginawa da have. Idan mai saye ta rubuto "You should have called me", ƙorafi take yi cewa ya kamata ka kira amma ba ka kira ba, kuma amsar da ta dace ita ce ban haƙuri. Must ta wajibci ba ta da siffar lokacin da ya wuce, sai a ari had to, a ce "We had to wait at the checkpoint". Akwai kuma abu biyu da suka zama ruwan dare a Turancinmu na Najeriya, har a bakin masu digiri: "I will like to order" maimakon "I would like to order", da "I can be able to", wadda maimaici ce tunda can da be able to abu ɗaya suke faɗa. A kasuwa kowa zai gane, amma masu duba takardun jarrabawar WAEC ba sa ɗaga ƙafa a kansu.

Akawun Apapa:

Ban ƙi abin da Malam da Hajiya suka faɗa ba, amma ina ganin an manta da inda muke zaune. A Legas buroka ce ta fi shiga kunnenmu, kuma tana da nata tsarin cikakke: fit a wurin can, go a wurin will, suppose a wurin should. Wanda ya ce "I fit come" bai yi kuskure ba, wani harshe yake yi. Matsalar tana tasowa ne idan aka gauraya su a takarda, kamar a rubuta "You suppose to pay" inda daidaitaccen Turanci yake buƙatar "You are supposed to pay".

Kuma kada a raina shall don ba a cika jin ta a hira ba. A takardun yarjejeniya da na shari'a tana nan da ranta, kuma wajibci take nufi. Kundin tsarin mulkin 1999, a sashe na 14, ya ce tsaro da walwalar jama'a "shall be the primary purpose of government". Don haka idan wani otal ya ba maigidanka takarda mai cewa "the supplier shall deliver before 7 a.m.", ya sani cewa nauyi ne ya hau kansa da zarar ya sa hannu, yayin da "the supplier may deliver" zaɓi ta bar masa.

Ɗan Kasuwar Gwari:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Saura abu ɗaya, Malam: idan ina neman mai saye ta biya bashin da ya daɗe, wacce zan yi amfani da ita ba tare da na ɓata ciniki ba?

Malamin Agege:

Ka fara da "Could you please settle the balance this week?" Idan makon ya wuce shiru, ka rubuta "We would appreciate payment by Friday", domin sanya rana yana ƙara wa saƙon nauyi ba tare da kaushi ba. Must ka ajiye ta sai maigidanka ya yanke shawarar dakatar da kai kaya, kuma ko a lokacin gara ka ɗora ta a kan kuɗin maimakon mutumin, ka ce "The balance must be paid before the next delivery."