Mallakar kadara ta hanyar bulokcen: me mai saye yake riƙe da shi?

Alhaji Nasiru, Kantin Kwari:
Assalamu alaikum. Ina sana'ar yadi, kuma na daɗe da wasu 'yan hannayen jari da na saya ta hannun dillali. Ƙanena, wanda ya yi nisa a harkar kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, ya dame ni da cewa zamanin dillali ya wuce, domin yanzu ana yanka kadara, ko hannun jari ko gida, zuwa ƙananan kaso da ake kira tokin, a rubuta su a bulokcen, mutum ya saya ya sayar daga wayarsa dare da rana ba tare da kowa a tsakani ba. Abin da ya shige mini duhu shi ne, idan na biya kuɗi aka turo mini tokin, me na mallaka, kuma wa zan riƙe idan abu ya ɓaci?

Injiniya Bashir, Zoo Road:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Hannayen jarinka na yanzu suna rubuce ne a kundin kamfani guda, wato CSCS, wanda ke ajiye bayanan cinikin kasuwar hannun jari ta Najeriya. Shi kuwa bulokcen kundi ne da dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa a lokaci ɗaya, shi ya sa mutum guda ba ya iya goge abin da aka rubuta. Da Bitcoin aka fara a 2009, sannan wani bulokcen mai suna Ethereum ya zo a 2015 da yarjejeniyar da ke zartar da kanta idan sharuɗɗa sun cika, kuma a kanta ake ƙirƙirar yawancin tokin ɗin nan.

Sai dai akwai wurin da maganar ƙaninka ta yi tsalle. Bitcoin ba shi da wani jiki a wajen kundin, don haka wanda ke da shi a kundi shi ne mai shi. Tokin na gida kuwa alama ce ta wani abu da ke tsaye a Hotoro ko Sharaɗa, kuma kundin bai san ko gidan yana nan ba, ko an jinginar da shi, ko an sayar wa mutum uku. Hatta asusun da kamfanin BlackRock na Amurka ya buɗe a kan Ethereum a 2024, kadarorin da ke bayansa suna hannun ma'aji mai lasisi, ba kowa ake sayar wa ba. Na tsakiyar bai tafi ba, kujera kawai ya sauya.

Barista Hauwa, Nassarawa:
Ranka ya daɗe, zan ɗora kan bayanin Injiniya ta fuskar doka. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, fili a birni ba ya komawa hannun wani sai da amincewar gwamna, saboda haka kotu takardar shaidar mallaka za ta nema, ba abin da waya ta nuna ba. Game da kirifto kuwa, Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da shi a Fabrairun 2021, ya janye hanin a Disambar 2023, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta sanya kadarorin dijital ƙarƙashin kulawar SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari. Don haka kafin ka ba kowane dandali ko sisi, ka duba ko yana da rajista da hukumar. Kada girman suna ya ruɗe ka: FTX yana cikin manyan kasuwannin kirifto na duniya lokacin da ya durƙushe a Nuwambar 2022 da kuɗin mutane a ciki.

Malam Auwal, Fagge:
Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gado. Walet, wato asusun ajiyar kirifto da tokin, idan mutum ne ke riƙe da shi da kansa, yana buɗuwa ne da kalmomin sirri 12 ko 24, kuma babu ofishin da zai sake ba ka su idan suka ɓata. Wani maƙwabcinmu ya rasu, iyalansa sun san yana da dukiya a walet, amma har yau ba a raba ta ba, domin ya tafi da kalmomin a kansa. Da hannun jari ne na gargajiya, da magada sun je da takardar kotu an sakar musu haƙƙinsu. Idan kuma ka ba wani kalmomin tun kana raye, ka sani ka damƙa masa dukiyar ce gaba ɗaya. Batun halasci kuma malamai sun yi saɓani, kuma mafi yawan damuwarsu garari ne, wato sayen abin da ba a san haƙiƙaninsa ba.

Alhaji Nasiru, Kantin Kwari:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe zan ce wa ƙanena ya kawo mini sunan kamfanin da ke riƙe da takardun gidan da yake tallata mini, da shaidar rajistarsa. Barista, idan ya kawo, zan so ki duba mini su.