Magudanar garejinmu a Jidda ta ƙi buɗewa

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina kula da garejin gyaran manyan motoci a kudancin Jidda. Baƙin mai da yashin da iska ke kwasowa sun daskare cikin bututun magudanarmu kamar kwalta. Motar zuƙe ruwa ta kwashe ramin, an zura waya, amma ko mota ɗaya aka wanke sai ruwa ya dawo ta murfi, ga wari. Maigida kuwa ba ya son jin zancen fasa siminti.

Nuwamba ta ƙarato, kowa ya san ɓarnar ambaliyar ruwan saman da aka yi a watan Nuwamba na 2009 a garin nan. Injin feshin ruwa mai ƙarfi zai kankare abin da ya daskare a bututun, ko sai an gina ramin tare mai kafin bututun? Don Allah a taimaka.