Neman shawara: in sake komawa kan Nok, ko in nemi inda aka bari a baya?

Ɗalibar mastas, Jos

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina digiri na biyu a fannin tonon kayan tarihi a nan Jos, kuma lokacin miƙa batun bincike ya matso. Na rubuta zan yi aiki a kan mutum-mutumin yumɓu na Nok: yanayin idanunsu, kitso da kayan ado. Malamin da ke duba aikina ya ce an yi wannan an gaji, in je in nemo giɓin da aikina zai cike. Ni kuwa a ganina Nok ne duniya ta san mu da shi, tallafi ma ya fi saurin zuwa ta nan. Kuɗin hannuna bai wuce na mota da ɗan abinci ba. Don Allah, a tarihin yankinmu kafin zuwan rubutu, ina aka bari a baya, kuma da wanne mai ƙaramin ƙarfi ya kamata ta fara?

Baba mai ritaya, Tudun Wada

Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminki bai zalunce ki ba.

Tun 1928 masu haƙar kuza suka ci karo da kan yumɓu na farko a kusa da ƙauyen Nok. A 1943 aka kawo wa Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, wani kan yumɓu daga Jema'a, wanda wani ya kafa a gonar doya don korar tsuntsaye. Fagg ɗin ne ya buɗe gidan tarihin Jos a 1952, ya kuma tono muraƙun narka tama a Taruga, kusa da Abuja, a shekarun 1960. Daga 2005 kuma mutanen Jami'ar Goethe ta Frankfurt, ƙarƙashin Peter Breunig da Nicole Rupp, suka zauna a yankin Janjala na Jihar Kaduna suna tono shekara da shekaru. Su suka nuna cewa al'adar ta faro wajen shekara 1500 kafin Miladiyya, mutum-mutumin kuma sai wajen 900 suka bayyana. To ki gaya mini, me za ki ƙara a kan kitso?

Ga kuma matsala babba. Yawancin kyawawan da kike gani a hotuna ɓarayin tono ne suka fitar da su. Babu wanda ya rubuta ramin da aka same su, ko zurfinsa, ko abin da ke gefensu. Aikinki zai koma kwatanta hoto da hoto.

In giɓi kike nema, duba gaban Nok da bayansa. Wajen farkon Miladiyya mutum-mutumin suka ɗauke, salon tukwane ya sauya. Daga nan zuwa lokacin da labarin kaka da kakanni na Birom, Ngas, Afizere ko Ham ya fara kamawa akwai fiye da shekara dubu, abin da aka rubuta a kansu kuwa ɗan kaɗan ne. Ta ɗaya ɓangaren, wato kafin Nok, kogon Rop da Fagg ya tona a 1944, masani ɗan Najeriya Ekpo Eyo ya sake a 1964, da Dutsen Kongba a nan gefen Jos, da manyan gatura na dutse na wurin da ake kira Mai Idon Toro, duk an yi aikinsu ne tun da daɗewa.

Abban Walid, Abuja

Baba, da girmamawa, ni ban ga abin da ya fi Sakkwato da Katsina gaggawa ba. Mutum-mutuminsu sun cika kasuwannin Turai har hukumar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a 2000, amma tonon ƙa'ida a wurarensu bai taka kara ya karya ba. Nok ya sami masu kula da shi. Waɗancan marayu ne.

Malam, mai koyarwa

Abban Walid ya faɗi gaskiya, sai dai ba ɗalibar mastas za a ɗora wa wannan kaya ba. Wa zai kai ta dajin Zamfara ko Katsina yanzu? Ku tuna a Fabrairun 2017 aka sace Farfesa Breunig da abokin aikinsa a Janjala, aka kashe mutum biyu 'yan yankin da suka bi sawu. Turawa masu kuɗi da motoci ke nan.

Ƙanwata, abu mafi muhimmanci a fannin daban, abin da ke iya yiwuwa a hannunki daban. Tono yana buƙatar izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, doka ce tun 1979. Yana buƙatar lebura, da kuɗin aika gawayi ƙasar waje a auna shekarunsa. Ko an auna ɗin ma, gwajin kabon yana da wata makanta tsakanin shekara 800 da 400 kafin Miladiyya: sakamakon wannan tsakanin kusan iri ɗaya yake fitowa. Farkon narka ƙarfe a Nok kuwa nan ciki ya faɗa, shi ya sa har gobe ake gardama a kansa. Kada ki shiga wannan rigimar da aljihunki.

Shawarata tsingaro. Fasassun tukwane ba su da farin jini, ɓarawo ba ya ɗaukarsu, amma da su ake jera zamani. Frankfurt sun jera tukwanen yankinsu, na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Saman tsaunin Filato yana buƙatar irin wannan jeri. Ki rubuta takardar neman izini ki duba kayan tsofaffin tono da ke ajiye a gidan tarihi, ki auna baki da kauri, ki zana ado, ki kwatanta da nasu. Kuɗin keke napep kawai zai ci miki, kuma duk wanda zai yi tono bayanki sai ya nemi kundinki.

Maman Ilham, Bukuru

Ni noma na karanta, amma bari in sa baki. Abin da ya fi burge ni a aikin Nok abinci ne. A cikin ƙonannun tsaba an sami gero da yawa, da wake, da ƙwallon atili, wannan dai da muke saye a Taminus. A 2021 masu bincike na jami'o'in Bristol da Frankfurt suka fitar da sakamakon gano kakin zuma a jikin tsingaro, wato shekara kusan 3,500 ke nan mutanen suna cin zuma. Ƙashi kuwa ƙasar wurin mai tsami ce, ta cinye shi, shi ya sa maganar dabbobinsu take da wuya.

To ga tambaya. Mu a Filato acca ce abin alfaharinmu, su kuwa gero suka fi ci. Yaushe acca ta hau tsauni ta zama abincin gida? Ba wani babban inji ake buƙata don raba tsaba da ƙasa ba: bokiti, ruwa da rariya mai laushi. A zuba ƙasa, ƙonannun tsaba su taso sama.

Malam, mai koyarwa

Hajiya, batun yana da kyau ƙwarai, amma ƙasar da za a tace dole daga ramin tono na ƙa'ida ta fito. Ta ajiye shi zuwa digiri na uku.

Ɗan Barikin Ladi

Ni ba ɗan boko ba ne sosai, a wajen haƙar kuza na tashi. Yanzu haƙa ta dawo ko'ina, yara suna fito da tsingaro da kashin ƙarfe da gatarin aradu, su watsar. Bayan damina ɗaya wurin ya zama kududdufi. Ko tono ba za ki yi ba, wani ya zo ya rubuta cewa a nan akwai abu. In za ki zo, ki fara da gidan mai unguwa, kada a ɗauke ki mai neman ma'adinai ko 'yar leƙen asiri.

Ɗalibar mastas, Jos

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karkata ga tsingaro. Baba, Malam, zai yiwu in haɗa da zagayen da ɗan'uwa ya ce, ko ya yi yawa?

Baba mai ritaya, Tudun Wada

Zai yiwu in kin taƙaita. Ɗauki kayan wuri ɗaya daga ajiya, Rop misali tunda yana kusa da Barikin Ladi, sai gunduma ɗaya a gefensa don zagaye, da rani bayan an gama girbi, ciyawa ta kwanta. Ki ɗauki lambar GPS da hoto mai ma'auni, kada ki kwashe komai sai takardar izininki ta ce ki kwasa. Kafin ki rubuta layi ɗaya na tsarin binciken, je ki tabbatar akwatunan suna nan kuma takardun da ke nuna zurfin da aka ciro kowane kaya ba su ɓace ba. In sun ɓace, canza wuri tun da sauran lokaci.