Sababbin ɗalibai a Kumasi: ina kuke cefane, me kuke ci?

'Yar Zariya: Assalamu alaikum. Sati na uku ke nan a jami'ar KNUST ta Kumasi, ƙasar Gana, ina zaune a Ayeduase. Kuka da daddawar da Mama ta ƙullo min sun kusa ƙarewa, Indomie kuma ta fita raina. Jiya na sayi dokunu, tuwon ƙullun masara da suke dafawa a ganye, tsaminsa ya sa na kasa kai loma ta uku. Yayyena da kuka riga mu zuwa, ya kuka yi da cikinku?

Ba'are: Wa alaikis salam, ƙanwata. Kafin a zo kan abinci, koyi lissafin kuɗinsu. A 2007 Gana ta sauya takardun kuɗi, tsohon sidi 10,000 ya koma sidi 1, amma bakin tsofaffin 'yan kasuwa bai sauya ba. Ranar da na fara shiga kasuwar Kejetia na taya albasa, wata uwa ta ce min dubu hamsin. Na ajiye mata kayanta na yi gaba ina salati, ni da na zo daga Doso, inda albasa ba abin gabas ba ce. Ashe sidi 5 take nufi. Idan kin ji an ce miliyan ɗaya, sidi 100 ke nan. Har yau abokan ɗakina ba su daina yi min tsiya ba.

Maman Hanifa: Ke dai ba a kai ki zango ba ne. Ki fito Tech Junction ki tsallaka titi, Ayigya na nan da zangonta, ko kuma ki hau tirotiro, ƙaramar motar haya, zuwa Aboabo ko Asawase. Gero, dawa, busasshiyar kuɓewa, kanwa, tsamiya, yajin tsire, duk suna nan, da Hausa za ki yi cinikinki, a yi miki gyara. Sai dai kada ki yi dariya in kin ji an ce "Hajiya ya fita". Hausarsu ba ta raba mace da namiji, na yi wata guda kafin kunnena ya saba. Mudu kuma ki manta da shi, da gwangwani suke awo, olonka suke kiransa. Ni daga Katsina na zo digiri na biyu da goyo, ba na iya dogara da abincin saye, don haka sau ɗaya nake zuwa a wata in yi kaya, in sayi nama wurin mahautan can da na san yankansu, in raba a leda. Abin da ya taɓa ƙona min rai shi ne wutar da aka ɗauke kwana biyu, naman wata guda ya tashi a banza. Tun daga nan nake soya rabi.

Ɗan Fagge: Ni ban iya girki ba, kuma ban rame ba. Da safe koko da ƙosai, kokon ya ji citta da barkono fiye da na gida. Sai waakye, wanda sunan ma namu ne, shinkafa da wake ce aka dafa da karan dafi ta yi ja, a zuba taliya, garin rogo, ƙwai, ganda da shito, wato soyayyen barkononsu. Ki je da wuri, masu daɗin hannu kafin azahar sun kife tukunya. Tuwon zafi na nan da miyar ayoyo, sai dai ya fi namu laushi, bayan awa biyu cikina ya fara ƙugi.

Ba'are: Ɗan Fagge, ka tsallake na fufu.

Ɗan Fagge: Allah ya shirye ka. To, abokan ajinmu ne suka ja ni wani gidan abinci, aka kawo fufu, na zura hannu a miya na ciro dodon koɗi, ga ƙafar ƙaguwa tana leƙe. Wannan da sauƙi. A wasu wuraren akwai naman daji, akwai na alade, kuma cokali ɗaya ke yawo tsakanin tukwane. Yanzu sai na tambaya kafin in zauna, ba su jin haushi. In ban gamsu ba, kifi da banku, tuwon ƙullun masara da rogo.

Maman Hanifa: Kuma kada ki miƙa kuɗi da hagu, a nan ma abin kunya ne. Ki riƙe "te so", wato rage min, yana aiki a Kejetia.

'Yar Zariya: Na gode ƙwarai. Yau bayan lacca na je Aboabo. Wata Hajiya mai gero da ta ji daga Zariya nake, ta ce kakanta ɗan Tudun Wada ne, ta ƙara min kanwa kyauta, ta kuma nuna min mai fura. Yaya Ba'are, duk da gargaɗinka sai da gabana ya faɗi da mai tumatir ta ce dubu ɗari. Maman Hanifa, ina ake cika tukunyar gas kusa da Ayeduase? Tawa ta ƙare ina tsakiyar tuƙa tuwo.