Toumaï da shekara miliyan 7: da me aka auna?

Mahamadou: Salamu alaikum. Wani sauti na yawo a Yamai, mai maganar ya ce Toumaï, ƙoƙon kan nan na Chadi da ake cewa na wani daga kakannin mutum na farko ne, ƙarya ce tsagwaronta, wai karbon 14 ba ya auna shekara miliyan 7. Masana a warware mana.

Dakta Hadiza: Rabin zancensa gaskiya ne. Karbon 14, sinadarin da ake auna shekarun abin da ya mutu da shi, yana raguwa da rabi duk shekara 5,730, bayan shekara 50,000 abin da ya saura bai isa a auna ba. To amma ba da shi aka auna Toumaï ba. Ayarin masanin Faransa Michel Brunet ne ya tono shi a hamadar Djurab a 2001. Ƙasar wurin aka auna da wani sinadari, beriliyom 10, aka kuma gwada ƙasusuwan dabbobin da ke tare da shi da na gabashin Afirka. Lucy, tsohon kwarangwal ɗin da aka tono a Habasha, kuwa, tokar dutse mai aman wuta aka auna da argon, ta ba da shekara miliyan 3.2.

Malam Issoufou: Dakta, ni ba shekaru suka dame ni ba. Alƙur'ani bai faɗi shekarar da aka halicci Annabi Adamu ba. Shekara 6,000 da ake yawan ambata lissafin wani malamin coci ne, Bishop Ussher, wanda ya sa halitta a 4004 kafin Annabi Isa. Abin da nassi ya yanke shi ne Ali Imrana aya ta 59: daga turɓaya, ba uwa ba uba. Ku auna ƙashi yadda kuke so, amma kada ku ce mini kakana ne.

Abdoul Karim: Allah gafarta Malam, ko masanan ba su haɗu a kan haka ba. Hujjar cewa da ƙafa biyu yake tafiya ita ce ramin da laka ke bi a gindin ƙoƙon, ya matso gaba. Ƙashin cinyar da aka samu a wurin kuwa har yau ana jayayya a kansa. Kuma awo kan kuskure: karbon na yau kashi 1 cikin 100 in ya gurɓata tsohon ƙashi, sai ya nuna shekara kusan 37,000 komai tsufansa. Inda karbon 14 ke da aiki shi ne irin kaburburan Gobero na Tenere ɗinmu, masu ƙasa da shekara 10,000.

Dakta Hadiza: Hujjar da ta fi nauyi a kan dangantakar mutum da biri ba ƙashi ba ce, Malam. Mutum yana da kiromozom, wato zaren da ke ɗauke da gadon halitta, tagwaye 23, birin cimfanzi 24, kuma namu na 2 yana ɗauke da tabon haɗuwar guda biyu.

Malam Issoufou: Maƙeri ɗaya kan ƙera lauje da wuƙa su yi kama. Kama ba haihuwa ba ce.

Dakta Hadiza: Ba kama nake nufi ba, walda nake nufi. Sassan da kan zauna a bakin kiromozom, a tsakiyar wannan aka same su.

Malam Issoufou: Ko walda ce, ta nuna an haɗa biyu a jikin mutum. Ba ta faɗi wa ya haifi wa ba. An kira la'asar, sai na dawo.